Daga Ƙasan Teku Zuwa Teburin Mai Nama: Zaren da Intanet Ɗinmu Ke Rataye a Kai

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna da azumi na huɗu a baki, na tsaya gaban teburin mai nama bayan la'asar. An auna, an yanka, an ƙulle a leda. Na ciro waya zan tura kuɗi, manhajar banki ta ƙi buɗewa. Na rufe na sake buɗewa, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa ba ta tsaya ba. Yaron POS da ke ƙarƙashin lema a gefe ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, kar ka wahalar da kanka, tun hantsi haka muke fama." Mai naman, dattijo ne da na daɗe ina saye a wurinsa, ya miƙo mini ledar ya ce, "Malam, ɗauki ka je a yi wa yara miya. In sabis ya dawo ka turo." Ya jawo wani littafi da maiƙo ya cinye gefensa, ya rubuta sunana a ƙarƙashin sunayen mutum bakwai ko takwas da suka riga ni.

Kafin a sha ruwa, jita-jita ta cika gari. Wasu suka ce gwamnati ce ta kashe sabis, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin mun ga an yi haka a Zamfara a watan Satumban 2021, mun kuma ga an toshe Twitter daga Yunin wannan shekarar har zuwa Janairun 2022. Wasu suka ce masu kutse ne suka faɗa wa bankuna. Abin da ya faru ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Can a tekun Atlantika, daura da gaɓar Kodebuwa, manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa guda huɗu ne suka lalace a rana ɗaya: WACS, da MainOne, da SAT-3, da ACE. Ƙasashe goma sha uku suka ji a jikinsu, daga Gambiya har Afirka ta Kudu, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. Kodebuwa da Laberiya kusan duhu suka shiga gaba ɗaya.

Yawancinmu in an ce intanet, sama muke kallo. Muna ganin ƙarfen sabis a tsaye, ba mu ga igiya tsakaninsa da aljihunmu ba, sai mu ɗauka saƙo a iska yake tafiya har ya kai Saudiyya ko Amurka, ko kuma tauraron ɗan'adam ne ke ɗaukarsa. Amma harshenmu ya riga ya faɗi gaskiya. Abin da ke hannunmu "waya" muke ce masa, sunan da muka gada tun zamanin da ake jan zaren ƙarfe a kan turaku ana buga tangaraho, zamanin da aka raɗa wa gidan waya suna. Har gobe sunan bai yi ƙarya ba. Tafiyar iska gajeruwa ce, daga hannunka zuwa ƙarfen sabis na unguwarku. Daga can saƙo yakan faɗa cikin zaren gilashi da aka binne a gefen titi, ya gangara kudu, in kuma ƙetare za shi, ya shiga teku. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta ƙarƙashin ruwa suke bi.

Wayar kanta ba wani abin kallo ba ce. A cikin zurfin teku kaurinta bai wuce na mesar ban-ruwa ba. A tsakiyarta akwai 'yan zaruruwan gilashi, kowane siririnsa kamar silin gashi, haske ke gudu a cikinsu yana ƙyaftawa da saurin da hankali ba ya iya kamawa, wannan ƙyaftawar ita ce muryar ɗanka da ke karatu a Masar da hoton jikar da aka haifa a Makka. An naɗe zaruruwan da ƙarfe da tagulla da roba, kuma duk bayan tazarar kilomita masu yawa akwai na'urar da ke ƙara wa hasken ƙarfi, wadda ake tura wa lantarki daga tudu. Kusa da gaɓa ana ƙara mata sulke a binne ta, saboda jiragen kamun kifi da ƙugiyar da manyan jirage ke jefawa su tsaya. A can cikin zurfi kuwa kwance kawai take a kan laka.

Legas ta daɗe da zama ƙofar wannan harka. Tun 1886 wayar tangaraho ta ƙarƙashin ruwa ta haɗa ta da Landan. A zamanin intanet, SAT-3 ce ta fara, a farkon shekarun 2000, kuma rabon Najeriya a cikinta yana hannun NITEL. Waɗanda suka yi zaman shagunan intanet a wancan lokacin suna tuna yadda mutum zai biya kuɗin awa guda, rabinta ya ƙare a jiran shafi ɗaya ya buɗe. Shekarar 2010 ce ta sauya labari, lokacin da MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa, ta ja wayarta mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal, sannan Glo-1 ta Globacom ta iso daga Birtaniya. WACS da ACE suka biyo baya a 2012. A 2022 Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas, sai kuma 2Africa, wadda Meta ke jagoranta, ta sauka a Legas da Akwa Ibom a farkon 2024. In ka ƙirga za ka ce ai mun wadatu. To ta yaya huɗu za su tafi a rana guda?

Amsar tana cikin yanayin ƙasan teku. Ƙarƙashin ruwa ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne, akwai tuddai da kwazazzabai kamar yadda suke a tudu. Daura da Abijan akwai wani ƙaton kwazazzabo da Faransawa suka raɗa wa sunan da ke nufin rami marar gindi. Wayoyi huɗun nan duk ta wannan yanki suka gifta. Kamfanoni daban-daban ne, kuɗi daban-daban aka zuba, amma hanyar ɗaya ce, kamar motocin kamfani huɗu da dole su bi ta kan gada guda. MainOne ta ce bincikenta na farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku, a zurfin kusan kilomita uku, inda ƙugiyar jirgi ko tarun masunta ba sa kaiwa. Idan laka da duwatsu suka zaftaro cikin irin wannan kwazazzabo, gudu suke yi kamar ambaliya, duk abin da ke kwance a hanyarsu sai sun tafi da shi.

Kuma ba shi ne karon farko ba. A bakin kogin Kwango akwai wani kwazazzabon da ya fi wannan suna a wajen masu harkar. A Janairun 2020 wata zaftarewar laka a can ta yi tafiyar sama da kilomita 1,100 a ƙarƙashin ruwa, ta tsinka WACS da SAT-3. A Agustan 2023 aka sake samun irin haka a yankin. Sannan makonni uku kacal kafin ranar da nake ba da labari, wayoyi uku sun tsinke a Bahar Maliya, inda aka fi zargin ƙugiyar jirgin Rubymar da 'yan Houthi suka harba ya yi ta yawo a ruwa ba kowa a ciki. Saboda haka lokacin da ta yamma ta samu matsala, hanyar gabas da za a karkata a bi ita ma tana ɗingishi. A duniya baki ɗaya ana samun lalacewar irin waɗannan wayoyi tsakanin sau 150 zuwa 200 a shekara. Mutumin Landan ko Singafo ba ya ma sanin an yi, domin wayoyinsa suna da yawa kuma hanyoyinsu a warwatse suke.

Gyaran shi ne ya fi ba ni mamaki da na bi diddiginsa. Daga tudu injiniyoyi ke harba haske cikin zaren su auna lokacin da zai ɗauka ya dawo, da haka suke gane a kilomita na nawa aka samu tsinkewa. Sai a nemi jirgin gyara. Jiragen nan kaɗan ne a duniya, kuma wanda Afirka ta fi dogaro da shi, Léon Thévenin na kamfanin Orange Marine, tun shekarun 1980 aka ƙera shi, mazauninsa kuma Cape Town. Sai ya ɗauki sabuwar waya, ya nemi izinin shiga ruwan ƙasar da abin ya faru, ya yi tafiyar kusan kwana goma. In ya isa, sai a zura ƙugiya mai doguwar igiya a yi ta jan ta a ƙasan teku har ta kamo wayar, kamar yadda ake laluben guga a rijiya, sai dai wannan rijiyar zurfinta kilomita uku ne. A ɗago ɓari ɗaya a ɗaure shi da abin da ke yawo a saman ruwa, a je a lalubo ɗaya ɓarin, sannan masu haɗi su zauna a cikin jirgi su liƙa silin gilashi da silin gilashi, ɗaya bayan ɗaya, igiyar ruwa tana jijjiga su. Hukumar sadarwa ta Ghana ta faɗa wa mutanenta tun farko cewa gyaran ba zai gaza mako biyar ba. Sai cikin watan Mayu aka kammala ta ƙarshe.

Amma mu ba mu yi wata biyu a duhu ba, kwanaki kaɗan abubuwa suka fara daidaita. Dalili shi ne Glo-1 da Equiano ba su tsinke ba, sai kamfanonin da abin ya shafa suka ruga suka sayi gurbi a kan waɗanda suka tsira, suka karkatar da kayansu. Wannan ya nuna wani abu da ya kamata a tsaya a kai. Hanyar tsira tana nan tun kafin ranar, kamfanoni da bankuna da yawa ne ba su biya kuɗinta ba. Ajiye hanya ta biyu da ba a amfani da ita kullum kuɗi ne ke fita ba riba, kuma akanta ba ya son ganin irin wannan layi a littafinsa. Wasu kuma sun saya, sai dai sun sayi hanya ta biyu a kan wayar da ke kwance kafaɗa da kafaɗa da ta farko a cikin kwazazzabo ɗaya.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta teburin mai nama. Ni ina Kano, shi yana Kano, tsakaninmu taku biyu. Bankina na Najeriya ne, nasa ma haka. Me ya haɗa naira dubu biyar ɗina da tekun Kodebuwa?

Idan ka danna "tura", umarninka yakan bi ƙarfen sabis, ya bi zaren gilashi zuwa cibiyar kamfanin layinka, daga nan zuwa kwamfutocin bankinka, waɗanda galibi suna Legas. Bankin ya miƙa wa NIBSS, wato cibiyar da ke sasanta kuɗi tsakanin bankuna, ita kuma ta miƙa wa bankin mai karɓa, sannan alat ya dawo arewa. A ƙa'ida duk wannan a cikin gida ake yin sa. Sai dai manhajar zamani ba ginin mutum ɗaya ba ce. Wani sashenta yana zaune a kan kwamfutocin haya na Microsoft ko Amazon ko Google, kuma manyan rumbunan waɗannan kamfanoni da suka fi kusa da mu suna Afirka ta Kudu, in ba haka ba sai Turai. Wani sashen, kamar mai tantance cewa kai ne ba ɓarawo ba, ko mai tace harin masu kutse, wani kamfani ne a ƙetare ke yin sa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙi amsawa, manhajar tsayawa take yi cak, ko da kuɗinka da na mai nama suna gini ɗaya a Legas. Microsoft da kansa ya sanar a ranar cewa masu amfani da ayyukansa a yankin suna fuskantar tangarɗa. Haka batun WhatsApp yake: saƙon da ka aika daga Fagge zuwa Sabon Gari sai ya je kwamfutocin Meta, kuma manyan rumbunansu suna Amurka da Turai da Asiya.

Akwai masu ƙoƙarin rage wannan doguwar tafiya, kuma ba a cika jin sunansu ba. Tun 2006 aka kafa IXPN, wata mahaɗa da kamfanonin sadarwa na cikin gida ke haɗuwa su yi musayar bayanai kai tsaye, maimakon saƙon da ya taso daga wannan layi zuwa wancan ya je Landan ya dawo. Muhammed Rudman ne ya daɗe yana jagorantarta, kuma tana da rassa a Legas da Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Google da Meta suna ajiye kwafin bidiyoyin da aka fi kallo a cikin ƙasa, shi ya sa a ranar wasu suka ga bidiyo yana buɗewa alhali banki ya ƙi. A farkon 2023 kuma aka buɗe babban rumbun adana bayanai na Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, a Kano. Ginin yana nan, mahaɗar tana nan. Abin da nake son in gani shi ne jami'o'inmu da gwamnatocin jihohinmu da bankunan da ke cin kasuwar arewa sun ajiye bayanansu a nan sun haɗu a nan, ta yadda ɗalibin Bayero da ke duba sakamakonsa ba sai saƙonsa ya yi tafiyar kilomita dubu ya dawo ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Duk da haka, in na faɗi abin da ke raina, tekun ba shi ne babban abin tsoronmu ba a arewa. Abin da ƙasa baki ɗaya ta ɗanɗana na kwana uku ko huɗu, mutumin Gusau da Damaturu da Birnin Kebbi yana ɗanɗanarsa duk wata, ba wanda ya rubuta a jarida. Mu ne a wutsiyar waya. Duk abin da ya sauka a Legas sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ya iso Kano, ya ƙara wasu ɗaruruwa kafin Maiduguri, kuma a kowane taku na wannan tafiya yana kwance ne a gefen titi cikin rami marar zurfi.

Na taɓa tsayawa na kalli abin da idona a wata unguwa da ake aikin lambatu. Katafila ta kafa haƙori ta ɗago ƙasa, sai ga wani baƙin bututun roba ya biyo ta a tsinke, 'yan zaruruwa masu launi-launi suna reto. Direban ya leƙo, ya ga ba ruwa ke fita ba, ba wuta ba, ya ci gaba da aikinsa. Ba mugunta ya yi ba, ba wanda ya ba shi taswirar abin da ke ƙasa. Wajen awa uku sai ga wata farar mota da samari uku. Suka kafa lema, suka tone ɓangarorin biyu, ɗayansu ya ɗora wata 'yar na'ura a cinya yana fere kowane zare yana gogewa da auduga yana sakawa a ciki. Na ce masa, "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Zuwa yaushe?" Ya ce, "Baba, in ƙura ta bar mu, zuwa magariba. Wannan ne na uku yau." Duk tsawon wannan lokaci masu POS na unguwanni da dama suna zaune suna kallon na'urorinsu, ba su san abin da ke tsakaninsu da abincinsu yana kan cinyar wani yaro a bakin kwalbati ba.

Hukumar sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta ce a 2024 kaɗai an samu tsinkewar zaren gilashi sama da sau dubu hamsin a Najeriya, kuma kusan dubu talatin daga ciki aikin titi ne ya jawo. Sauran akwai ɓarayin da ke tonewa da zaton tagulla za su samu, da gobarar daji, da zaizayar ƙasa da damina. Ranar 28 ga Fabrairun 2024, mako biyu kafin ta teku, masu layin MTN sun wuni cikin matsala a faɗin ƙasa saboda tsinkewar zare a wurare da yawa lokaci guda. Ga kuma ƙarfen sabis ɗin kansa, wanda akasari da janareta da man gas yake rayuwa, a wuraren da kai man ma sai da fargabar 'yan bindiga. Mutanen Borno da Yobe sun san wannan tun 2012, lokacin da aka riƙa ƙona turakun sadarwa. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. Mataki ne mai kyau, amma takarda ba ta hana haƙorin katafila. Abin da zai hana shi ne ma'aikatar ayyuka ta kira kamfanonin sadarwa kafin a fara tono, kuma duk sabon titin da za a yi a gina masa bututun wayoyi a gefe tun daga farko, kamar yadda ake gina masa magudanar ruwa.

A nan gwamnoninmu suna da hannu dumu-dumu, kuma ya kamata a faɗa. Kafin kamfani ya binne zare a jiha, sai ya biya kuɗin izinin tona gefen hanya. Tun 2013 aka amince a matakin ƙasa cewa kuɗin ya zama naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka mai da shi hanyar tara haraji, wasu suna karɓar dubbai. Lissafa da kanka: a naira 145, kilomita ɗari naira miliyan goma sha huɗu da rabi ne. A naira 4,500, wanda Ekiti ke karɓa kafin ta rage a 2020, kilomita ɗarin nan ya zama miliyan ɗari huɗu da hamsin, kafin a sayi ko taku ɗaya na waya. Kamfani ɗan kasuwa ne, zai biya wannan a inda masu sayen data suka yi cincirindo, ba zai biya don ya kai zare wani ƙauye a bayan Gumel ba. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, wasu jihohin suka bi sahu daga baya. Jihar da ta riƙe tana ganin ta samu kuɗin shiga, alhali ta sayar da damar 'ya'yanta na shekara goma a kan kuɗin da ba zai gina asibiti ɗaya ba. A 2024 gwamnatin tarayya, ta hannun ministan sadarwa Bosun Tijani, ta fito da maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a kan kusan 35,000 da ake da su a lokacin. In aikin ya tabbata, abin da za mu sa wa ido shi ne siffarsa: a yi shi zobe-zobe, ta yadda in aka yanke ta Lokoja saƙo zai zagayo ta Makurɗi, kada a sake ja mana dogon layi ɗaya a ce an gama.

Abin da ya sa wannan ya tashi daga zancen masana ya koma zancen tukunya shi ne canjin kuɗi. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya janye tsofaffin takardun naira bai wadata mutane da sababbi ba. Mun ga layuka, mun ga masu sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a watan Maris na 2023. A cikin waɗannan watanni mai shayi da mai kayan miya da ɗan acaɓa suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay, ba don sha'awa ba. Da yawansu sun ga amfanin abin sun zauna a kai, kuma ni ma ba na fatan a koma baya, domin ɗan kasuwar da ke zuwa Dawanau ba ya buƙatar ɗaukar buhun kuɗi a hanyar da ake tare mutane. Amma an ɗora cinikin talaka a kan waya ba a tambayi ƙarfin wayar ba. A da in sabis ya ɗauke, hira ce ta tsaya. Yanzu in ya ɗauke, mai jinya ba ya iya sayen magani a kanti, direba ba ya iya shan mai. Ni na samu dattijon da ya san ni ya ba ni bashi. Baƙon da ya sauka a tasha a ranar, wa zai rubuta sunansa a littafi?

Wasu za su ce ai ga Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023, kuma Nijar da Chadi sun samu a 2025. Ga asibitin karkara ko makarantar da zare ba zai kai gare ta ba nan da shekara goma, alheri ne babba, kuma na ga shagunan da suka sa shi suna sayar wa unguwa. Sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma tauraron ma sauko da saƙon yake yi a wata tasha a ƙasa ya zuba shi cikin zaren gilashi. Ga shi kuma makunninsa yana hannun kamfani ɗaya na mutum ɗaya a Amurka. Ƙasa ba ta ɗora bankunanta a kan abin da wani zai iya kashewa daga ofishinsa.

Akwai wata ƙofar da ba mu cika kallo ba, domin tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka juya mana fuska kudu. Kafin nan, ɗaruruwan shekaru, kayan Kano arewa suke bi, ta Damagaram da Agadas har bakin tekun Bahar Rum. Wannan tekun cike yake da wayoyi, kuma Aljeriya tana da nata da ke tsallakawa Turai, waɗanda ba ruwansu da kwazazzabon Abijan ko na Kwango. Akwai aikin zaren gilashi na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, wanda a ɓangaren Nijar ya kai kusan kilomita dubu. Wani reshensa ya tashi daga Arlit ta Assamaka zuwa iyakar Aljeriya, wani daga Diffa ta N'Guigmi zuwa iyakar Chadi, wani kuma daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Ga Nijar, wadda ba ta da teku kuma ta daɗe tana jiran abin da zai zo mata ta Kwatano, wannan numfashi ne. Ga mu kuma, tsakanin Kano da Damagaram bai kai kilomita 300 ba, Legas kuwa ta ninka haka fiye da sau uku. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ana shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano, kuma binne zare a gefen aikin da aka riga aka tone ƙasarsa shi ne mafi arhar hanyar yin sa.

Abin da ke tsakani siyasa ce. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar lantarki, mutanen Yamai da Maraɗi suka sha duhu da zafi na watanni. Sai ranar 13 ga Maris 2024 Abuja ta ba da umarnin buɗe iyakar, kwana ɗaya tak kafin wayoyin teku su tsinke. Wanda aka taɓa kashe wa wuta zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗora sadarwarsa a kan maƙwabcin da ya kashe, kuma jami'in Abuja shi ma zai ce ba zai bi da saƙonnin bankunansa ta ƙasar da ta fice daga ECOWAS ba. Duka biyun suna da hujja. Amma yarjejeniyar da za ta ce zaren sadarwa ba ya cikin abin da ake taɓawa ko an yi faɗa abu ne da za a iya zama a rubuta, kuma waɗanda ya kamata su matsa a rubuta ta su ne gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina da 'yan majalisarsu, tare da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda cinikinsu ke tsayawa duk ranar da laka ta motsa a Abijan ko katafila ta yi tono a Lokoja.